Tarihin Modem Da Manhajar Linux: Daga Samaru Zuwa Doha

A cikin kayan da na taho da su Doha lokacin da na zo karatun digiri na biyu, akwai wani ɗan abu fari mai kama da filashi, murfinsa ya tsage, an ɗaure shi da salatif. Ba ni na saka shi a jakar ba. Jakar ta Yayana ce ya ba ni aro, shi kuma ya manta da abin a cikin wani ƙaramin aljihu shekara da shekaru. Modem ne, irin wanda ake saka wa layin waya a soka a jikin kwamfuta a shiga intanet. Na san wasu daga cikin ƙannenmu da suka zo digiri na farko a 'yan shekarun nan ba su taɓa riƙe irinsa ba, domin sun buɗe ido ne sun tarar da waya tana raba intanet ga duk wanda ke kusa. To amma mu da muka ga ƙarshen zamaninsa muna da abin faɗi a kansa, kuma ni a ganina labarin yadda wannan ɗan abu ya koyi zama lafiya da manhajar Linux yana daga cikin labaran da ya kamata ɗalibin kimiyya ya sani.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A shekarar 2010 ina ɗan shekara goma sha uku, aka tura ni hutu wurin Yaya a Samaru ta Zariya, yana ajin ƙarshe a jami'a, yana fama da rubutun kundin kammala karatu. Yana da kwamfutar cinya 'yar Kwatano wadda ƙwayoyin cutar kwamfuta suka addaba, saboda yawan soka mata filashin abokai da na shagunan buga takardu. Sau biyu babin da ya rubuta yana ɓacewa. Wani abokinsa ya ba shi faifan Ubuntu, ya ce idan ya ɗora wannan ya huta da cutar. Haka kuwa aka yi, kwamfuta ta yi sauƙi, ta daina tsayawa. Sai dai da ya soka modem ɗinsa, wanda ya tara kuɗin abinci ya saya, sai kwamfutar ta nuna masa hoton faifan CD a kan allo, ta yi shiru. Babu intanet, babu alamarsa. Mako biyu cur ya yi yana wannan fama, ni kuma ina zaune a gefen katifa ina kallo, aikina shi ne riƙe tocila idan an ɗauke wuta.

A lokacin na ɗauka kwamfutar ce ba ta da kirki. Sai da na girma na karanci fannin na gane cewa abin da ya faru a wannan ɗaki ya faru a dubban ɗakuna, daga Jakarta zuwa Nairobi zuwa Balin, kuma yana da dalili.

Kafin a kai ga dalilin, ya kamata mai karatu ya san me ya sa wannan ɗan abu ya zama mai daraja haka a wurinmu. A Turai da Amurka intanet ta shiga gidaje ne ta wayar tarho ta ƙasa, wadda kusan kowane gida ke da ita a lokacin. Mu kuwa a Nijeriya, kafin 2001 layukan tarho masu aiki a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, ga al'umma sama da miliyan ɗari. A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ƙarƙashin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, Glo ta biyo baya a 2003, Etisalat a 2008. Sai a 2007 aka ba da lasisin 3G a kan dala miliyan 150 kowanne ga kamfanoni huɗu, wato MTN da Celtel da Globacom da Alheri, na ƙarshen nan mallakar rukunin kamfanonin Ɗangote ne. A gefe guda kuma akwai kamfanoni irin su Starcomms da Visafone da Multi-Links masu amfani da fasahar CDMA, su ma da nasu modem ɗin. A watan Yulin 2010 igiyar ƙarƙashin teku ta Main One, wadda Funke Opeke ta jagoranci shimfiɗawa daga Fotugal zuwa Legas, ta fara aiki, aka samu abokiyar gogayyar tsohuwar igiyar SAT-3. Ma'anar duk wannan ita ce, ga ɗalibin Kano ko Zariya ko Sakkwato, modem shi ne karo na farko da intanet ta bar shagon kafe ta biyo shi ɗakinsa. Wanda ya taɓa sayen tikitin awa ɗaya a kafe, ya ƙare rabinta yana jiran shafi ɗaya ya buɗe, shi ya san darajar wannan.

A nan Ƙatar hanyar ta ɗan bambanta. Kamfanin Qtel, wanda aka kafa a 1987, shi kaɗai ke riƙe da harkar sadarwa tsawon shekaru, kuma ya fara 3G a 2006, shekarar da Doha ta karɓi baƙuncin wasannin nahiyar Asiya. A ƙarshen 2007 haɗin gwiwar Vodafone da Gidauniyar Qatar Foundation ya ci lasisi na biyu, ya fara aiki a 2009. A 2013 Qtel ya sauya suna zuwa Ooredoo, wanda duk mai ɗan Larabci a cikinmu zai gane cewa "ina so" yake nufi. Gidajen 'yan ƙasa da manyan ma'aikata suna da layin ƙasa, daga baya ma aka ja musu igiyar fayiba. Amma wannan ƙasa ce da mafi yawan mazaunanta baƙi ne, kuma baƙon da ke haya a ɗaki ɗaya da mutum uku, wanda bai san ko zai kai baɗi a gidan ba, ba zai ja layin ƙasa ba. Shi ma modem ɗin ne ya dace da shi, kamar dai ɗalibin Samaru.

Yanzu ga asalin matsalar. A 2006 kamfanin Huawei na ƙasar Sin ya fito da modem mai suna E220, ɗan farin akwati mai siffar ƙwai da ake haɗawa da guntuwar igiya, wanda ke iya sauko da bayanai a gudun megabit 3.6 cikin daƙiƙa, daga baya aka ƙara shi zuwa 7.2. Ya yi kasuwa ƙwarai, kuma bayansa aka yi ta fito da ƙananan da ba su da igiya, irin su E160 da E1550 da E173, kamfanin ZTE shi ma ya shigo da nasa. Kowace na'ura da za a haɗa da kwamfuta tana buƙatar wata 'yar manhaja da ake kira direba, wadda ke zama tafinta tsakaninsu. Da can a faifan CD ake ba da direba a cikin kwali. Sai masu ƙera modem suka yi wata dabara: suka saka ɗan ma'aji a cikin modem ɗin kansa, suka zuba direban a ciki, suka sa modem ɗin ya riƙa yi wa kwamfuta ƙarya a farkon haɗuwa, ya ce mata shi faifan CD ne. Windows na ganin faifai sai ta buɗe shi, ta ɗora direban, shi kuma direban sai ya aika wa na'urar wani saƙo na sirri, nan take ta cire rigar faifai ta dawo modem. Kamfanin Option na ƙasar Beljiyam ya raɗa wa wannan dabara suna ZeroCD, wato babu faifai.

Gaskiya dabara ce mai kyau ga wanda ke amfani da Windows, kuma ba zan ce an yi ta da mugun nufi ba. Ta rage kuɗi, ta rage wahala, ba a batun faifai ya ɓace ko ya karce. Amma direban da ke ciki na Windows ne, wani lokaci da na Mac. Idan aka soka na'urar a Linux, sai ta ce ita faifai ce, Linux ta yarda, ta buɗe, ta tarar da fayilolin da ba ta iya sarrafawa, shi ke nan magana ta ƙare. Babu mai aika saƙon sirrin nan, kuma babu takardar da ke cikin kwali da ta faɗi mene ne saƙon. Mutum ya biya kuɗinsa, na'ura tana hannunsa, lafiyarta ƙalau, amma kalmar da za ta buɗe ta tana wurin wani.

A nan ne ya kamata in ɗan koma baya in ce wani abu a kan Linux, saboda waɗanda ba fanninsu ba ne. A 1983 Richard Stallman ya shelanta shirin GNU a Amurka, da nufin gina babbar manhajar kwamfuta wadda kowa ke da 'yancin karanta rubutun cikinta, ya gyara, ya raba wa wasu. A watan Agustan 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta zuciyar irin wannan manhaja, wadda ake kira kanel, ita ce ke magana kai tsaye da sassan na'ura. Aka haɗa biyun. A watan Oktoban 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da Ubuntu, kuma abin da ya sa ta iso gare mu shi ne wani shiri nasu mai suna ShipIt: ka cike sunanka da adireshinka, su aiko maka faifai ta gidan waya kyauta, ko kuɗin kan sarki ba za ka biya ba. An ci gaba da haka har 2011. Da yawa daga cikin yayyenmu da suka fara taɓa Linux, ta wannan ambulan suka same ta. Ka ga kenan wanda aka aiko wa faifai saboda ba shi da intanet mai ƙarfin sauko da manhajar, shi ne kuma wanda modem ɗinsa zai ƙi aiki a kanta.

Wannan ma ba shi ne karo na farko ba. A ƙarshen shekarun 1990 an yi irin wannan rigima da modem na layin ƙasa masu araha, waɗanda aka rage wa kayan ciki aka ɗora aikin a kan direban Windows, har aka riƙa kiran su Winmodem. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a warware matsalar faifan ƙarya shi ne wani Bajamushe, Josua Dietze, wanda a wajen 2007 ya rubuta wata ƙaramar manhaja mai suna usb_modeswitch. Yadda aka gano saƙonnin sirrin shi ne abin da ya fi burge ni a duk labarin. Mutum zai soka modem ɗinsa a kwamfuta mai Windows, ya kunna wata manhaja da ke laɓe tana rubuta duk abin da ya wuce ta ƙofar USB, ya zauna yana bin dubban layukan lambobi har ya gano guntun saƙon da aka aika daf da lokacin da faifai ya ɓace modem ya bayyana. Sai ya kwafe shi, ya gwada aikawa daga Linux. Idan ya yi aiki, ya tura wa Dietze, a ƙara a cikin jerin. Kowace na'urar USB tana da lambobi biyu da take gabatar da kanta da su, ta kamfani da ta samfuri. Ta Huawei ita ce 12d1, ta ZTE kuma 19d2. Duk wanda ya yi wannan fama ya haddace 12d1:1446 da 19d2:2000, domin ganinsu na nufin modem yana sanye da rigar faifai. A hankali jerin ya kai ɗaruruwan na'urori, kowane layi a cikinsa wani ne ya hana idonsa barci, ba tare da an biya shi sisi ba. Wani abin dariya kuma, wasu samfuran ba sa buƙatar komai face a ba kwamfuta umarnin fitar da faifai, kamar yadda ake danna maɓalli tire ya fito. Na'urar na jin an fitar da faifan da babu shi, sai ta koma modem.

Sauya riga mataki na farko ne kawai. Bayan na'ura ta amsa cewa ita modem ce, sai kanel ya gane ta ya ba ta ƙofa. Akwai direba mai suna option wanda Matthias Urlichs ya fara rubutawa a 2005 saboda katunan kamfanin Option, daga baya ya zama gidan kusan duk modem na wannan zamani. Amma shi ma da jerin lambobi yake aiki, idan samfurinka ya fito bayan an buga faifanka, babu lambarsa a ciki, sai ka tilasta wa kwamfuta da hannu, ka rubuta mata lambar kamfani da ta samfuri. Idan an dace sai wasu ƙofofi su bayyana masu suna ttyUSB0 da ttyUSB1 da ttyUSB2, kuma ɗaya ce kawai a cikinsu ke kai wa ga intanet. Wace ce? Sai an gwada.

Daga nan sai a shiga wani abu da ni har yau yake ba ni mamaki. Wannan na'ura ta zamanin 3G, harshen da take ji shi ne wanda kamfanin Dennis Hayes ya ƙirƙiro a 1981 domin modem ɗinsa mai suna Smartmodem, mai gudun bit 300 a daƙiƙa. Kowane umarni yana farawa da haruffan AT. Ka rubuta AT, na'ura ta amsa OK, kamar sallama da amsawa. Sai ka faɗa mata sunan ƙofar shiga ta kamfanin layinka, wadda ake kira APN, da umarnin AT+CGDCONT. Sannan ka sa ta buga lamba *99#, wadda ba lambar kowa ba ce, babu wayar da ke ƙara a ɗaya ɓangaren, alama ce kawai ta cewa a buɗe hanyar data. Manhajar da aka fi yin wannan da ita, wvdial, an rubuta ta ne tun ƙarshen shekarun 1990 saboda layin ƙasa. Wato dai sabuwar mota ce aka ɗaura wa linzamin doki, kuma tana tafiya. Kowane kamfani da nasa APN ɗin: na MTN a Nijeriya a wancan lokaci web.gprs.mtnnigeria.net ne, na Vodafone a Ƙatar kuma web.vodafone.com.qa. Harafi ɗaya ya kuskure, ba za ka shiga ba, kuma ba za a faɗa maka dalili ba.

To mu koma ɗakin Yaya. Bayan kwanaki ya gano cewa usb_modeswitch yake buƙata, kuma babu ita a faifan da aka ba shi. A intanet take. Intanet ɗin kuma sai modem ya yi aiki. An kulle ɗaki, makulli yana ciki. Haka ya ɗauki filashi ya hau acaɓa zuwa kafe, ya sayi awa ɗaya, ya sauko da manhajar, ya dawo yana murna. Yana ɗorawa kwamfuta ta ce akwai wani ƙunshi na biyu da wannan ta dogara da shi, wanda ke ɗauke da jerin na'urorin. Washegari ya sake komawa. Daren da abin ya yi aiki, babu wuta, batir ya kusa ƙarewa, fitilar modem ta daina ƙyaftawa ta tsaya cak. Ya juyo ya ce da ni, "Kai, zo ka gani, ta kama!" Na ce, "Yaya, me ta kama?" Bai ko amsa mini ba, ya riga ya buɗe akwatin saƙonninsa yana tura wa malaminsa babi na uku.

Abin lura a nan shi ne, wannan tarko na makulli a cikin ɗaki bai kama kowa daidai ba. Ɗalibin da ke Education City a Doha a wannan shekara, ko wanda ke Landan, zai soka igiyar intanet ta makaranta, cikin minti biyu ya sauko da abin da yake so. Wanda modem ne kaɗai hanyarsa, shi ne ya sha wahala. Shi ya sa nake ganin aikin da aka yi daga baya na saka waɗannan abubuwa a cikin faifan tun asali ya fi amfanar mu fiye da waɗanda suka yi shi.

Wannan aiki ya zo ne daki-daki. A watan Oktoban 2008 Ubuntu 8.10 ta fito da NetworkManager 0.7, wadda Dan Williams na kamfanin Red Hat ke kan gaba wajen rubutawa, kuma a karon farko mutum ya iya zaɓar haɗin 3G daga ɗan hoton da ke saman allo ba tare da ya buɗe baƙin allon umarni ba. A wannan shekarar ce Antti Kaijanmäki, shi ma ɗan Finland, ya fara tattara APN na kamfanonin duniya a fayil ɗaya, ta yadda za ka zaɓi ƙasarka, ka zaɓi kamfaninka, kwamfuta ta cike sauran. Jama'a ne suka riƙa aiko da na ƙasashensu, har na Nijeriya da na Ƙatar suka shiga. Aka ware wata manhaja ta musamman, ModemManager, domin ta san halin kowane modem, domin kuwa duk da cewa harshen AT ɗaya ne a takarda, kowane kamfani yana da karin harshensa. Aleksander Morgado ya jagoranci sake gina ta, aka fitar da ta 1.0 a 2013. Ita kuma usb_modeswitch aka saka ta cikin manyan rabe-raben Linux, aka haɗa ta da tsarin da ke lura da duk abin da aka soka, ta yadda take aikinta a ɓoye kafin mai kwamfuta ya ankara.

Su ma masu ƙera na'urorin sun sauya, ko da yake ba don Linux ba. Da gudun intanet ya ƙaru, tsohuwar hanyar buga lamba ta kasa ɗaukar kayan. A 2011 ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin USB ta fitar da wata ƙa'ida a fili mai suna MBIM, Microsoft ta saka ta a Windows 8 a 2012, kuma da yake ƙa'idar a rubuce take kowa na iya karantawa, a farkon 2013 kanel na Linux 3.8 ya fito da direbanta. Bjørn Mork, ɗan ƙasar Norway, yana cikin waɗanda suka yi wannan, kuma shi ya rubuta direban na'urorin da ke amfani da harshen QMI na kamfanin Qualcomm. A ɗaya ɓangaren Huawei ya fito da tsarin HiLink, inda modem ke gabatar da kansa a matsayin katin igiyar intanet, a buɗe shafin saitinsa a burauza, kamar yadda ake shiga 192.168.8.1 a samfurin E3372. Kuma da yawa daga cikin irin waɗannan sababbin na'urori, da ƙananan akwatunan MiFi da suka biyo bayansu, idan aka leƙa cikinsu Linux ce ke tafiyar da su. Haka wayoyin Android, waɗanda tun fitowar ta farko a 2008 a kan kanel na Linux suke, kuma su ne a ƙarshe suka kashe kasuwar modem ɗin baki ɗaya.

Akwai wani kulli na biyu da ba zan tsallake ba, domin shi ne wanda 'yan kasuwarmu suka fi sani. Kamfanin layi yakan sayar da modem da sauƙin kuɗi amma a kulle, ba ya karɓar layin kowa sai nasa. A ƙasar da sabis ɗin wannan kamfani ke da ƙarfi a wannan unguwa, ya mutu a ta gaba, wannan ba ƙaramar takura ba ce. A tsofaffin samfuran Huawei lambar buɗewa ana lissafo ta ne daga lambar IMEI da ke rubuce a jikin na'urar, a shigar da ita, kuma sau goma kawai ake da damar gwadawa kafin ta rufe gaba ɗaya. Da aka gano lissafin, sai buɗe modem ya zama sana'a, daga Computer Village ta Ikeja har kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Yaran da ke wannan aiki yawancinsu ba su taɓa jin sunan Stallman ba, amma hujjarsu da tasa ɗaya ce: abin da na saya da kuɗina nawa ne. Modem ɗin Yaya ma a nan aka buɗe shi bayan ya gama makaranta.

Abin da ya sa na koma na tono duk wannan tarihi shi ne aikin bincikena. A bazarar 2024 na buƙaci ajiye wata ƙaramar kwamfuta, Raspberry Pi, a wata gona da ke arewacin Doha, ta riƙa auna damshin ƙasa da zafin iska tana aiko mini da sakamako kowane minti goma sha biyar. Babu layin ƙasa a wurin, kuma ba zan bar wayata a gona ba. Na sayi modem na 4G, na ware kwana uku domin fama da shi, saboda abin da na gani a Samaru bai bar raina ba. Na soka, kafin in gama gyara zama ya kama. Matsalar da na samu daga baya ta daban ce: na'urar takan yanke da tsakar rana, na yi asarar bayanan kusan mako guda, malamina ya fara tambaya. Na yi ta zargin direba, na karanta rahoton kanel layi-layi, ashe wutar da ƙaramar kwamfutar ke bayarwa ce ba ta isar modem ɗin idan yana neman sabis da ƙarfi, ga kuma zafin da ke haura digiri 45 a cikin akwatin roba. Na saka masa mahaɗi mai wutarsa daban, na huda akwatin, na yi masa rumfa. Tun daga nan bayanai ba su sake yankewa ba, kuma da su na rubuta babi biyu na kundina.

A wannan shekarar ce, 2024, hukumar da ke kula da sadarwa ta Ƙatar ta umarci kamfanonin biyu su rufe 3G zuwa ƙarshen Disamban 2025, domin a ba 4G da 5G filin. Da na ji labarin sai na tuna da ɗan farin abin nan mai salatif, wanda bai san komai ba bayan 3G. Na ciro shi daga aljihun jakar, na nemi ɗan gidan da ake saka ƙaramin layi ya koma babba, na saka layina, na soka a kwamfutata. Na buɗe allon umarni ina kallo. Ya fara bayyana a matsayin faifai, bayan 'yan daƙiƙu ya ɓace, ya dawo da sabuwar lamba, ƙofofi uku suka buɗe, kwamfuta ta tambaye ni ƙasa da kamfani. Fitilar ta yi ƙyafce-ƙyafcenta, sannan ta tsaya.

Da wannan haɗin na kira Yaya ta bidiyo, hoton yana tsinkewa yana dawowa. Na ɗaga kwamfutar na nuna masa abin da ke soke a gefenta. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kai, a ina ka samo wannan?" Na ce, "A jakarka, Yaya." Ya tambaye ni kwana nawa na yi kafin ya kama, na ce minti ɗaya bai cika ba. Ya yi dariya har yaransa suka leƙo, ya ce idan zan dawo hutu in taho masa da abinsa.